Ɗakin tuƙin jirgi na gida: da katako ake farawa ko da sitiyari?

Nura:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Yau wata takwas ke nan ina tuƙa jirgin sama a kwamfuta da linzami da allon rubutu kawai, kuma na kai matsayin da hakan ya daina gamsar da ni, domin babu yadda za a yi mutum ya saukar da jirgi cikin natsuwa alhali da yatsa ɗaya yake ɗaga hancinsa yana sauke shi. Na yanke shawarar mayar da shagon da ke ƙofar gidanmu ɗakin tuƙi irin na Boeing 737-800, da kujeru biyu da allon makunnai na sama da komai da komai. Faɗin shagon mita biyu da rabi ne, tsawonsa kuma mita uku. Na riga na yi magana da kafinta, ya ce in kawo masa awo da filawud ya fara aiki ranar Asabar. Abin da nake nema daga gare ku shi ne shawara a kan kaurin katakon da ya dace, da kuma yadda ake haɗa makunnai da kwamfuta.

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam, Malam Nura. Kafin maganar kaurin katako, ina roƙonka ka ce wa kafintan ya dakata. Ban faɗi haka don in kashe maka gwiwa ba, sai don na bi wannan hanyar da ƙafata. Shekara huɗu da suka wuce na sa aka yanka mini gaban Boeing 737 da filawud, aka fente shi ya yi kyau, kuma har yau yana jingine a bayan ɗaki ƙura tana cinsa, saboda sai bayan an gama yankan ne na gane cewa allunan kwamfutar da nake da su ba su dace da ramukan da aka huda ba.

Akwai kuma lissafin waya. Allon sama na 737 kaɗai yana ɗauke da makunnai da ƙananan fitilu fiye da ɗari, kuma kowane ɗayansu yana buƙatar ƙafarsa a jikin allon lantarki. Arduino Mega 2560, wanda shi ne yawancinmu muke amfani da shi, ƙafa 54 yake da ita ta kunnawa da kashewa, sai 16 masu karanta ƙarfin wuta, waɗanda su ma ana iya saka musu makunni. Ka ga ke nan allo ɗaya ba zai ishe ka ba, biyu ma da wuya, ga liƙin dalma na ɗaruruwan wayoyi da za ka yi da hannunka.

Kyaftin Garba:
Nura, yaro na, bari in yi maka tambayoyi uku. Idan hancin jirgi yana rinjayarka zuwa ƙasa kana ta jan sitiyari, mene ne za ka taɓa don hannunka ya huta? Idan iska tana bugowa daga dama lokacin sauka, wace ƙafa za ka taka, kuma wane fiffike za ka kwantar? Sannan a wane gudu ƙaramin jirgin Cessna yake barin ƙasa?

Nura:
Allah ya ƙara girma, Kyaftin. Ta farko na san tirim ne, wato abin da ake murɗawa don rage wa hannu nauyin sitiyari, amma gaskiya ban cika taɓa shi ba, domin da zarar na tashi nake kunna na'urar tuƙi da kanta. Sauran biyun ban sani ba.

Kyaftin Garba:
Na gode da ka faɗi gaskiya. To, abin da kake shirin ginawa ɗaki ne na kallon kwamfuta tana tuƙa jirgi, kai kuma kana murɗa mata lambobi. Babu matuƙin da ya fara da Boeing. A Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da ƙananan jirage masu inji ɗaya ake fara koyar da ɗalibi, kuma haka abin yake a ko'ina cikin duniya.

Shawarata ita ce ka gina Cessna 172. An fara sayar da shi a 1956, an ƙera fiye da 44,000, kuma yawancin manhajojin tuƙi suna zuwa da shi a ciki. Faɗin cikinsa bai wuce mita ɗaya da ɗan kai ba, saboda haka shagonka zai ɗauke shi har da wurin ajiye tabarma. Agogunansa na asali shida ne: na gudu, na zaman jirgi a kan sararin sama, na tsayi, na daidaiton juyawa, na alƙibla, da na saurin hawa ko sauka. Wanda ya iya zagaya idonsa a kan waɗannan shida ba tare da ya kafe a kan ɗaya ba, ya riga ya samu abin da zai yi masa amfani a kowane jirgi. Amsar tambayata ta uku kuwa, a wajen noti 55 (noti shi ne ma'aunin gudun jirgi) ake fara ɗaga hancinsa, a hau sama da noti 74 idan samfurin 172S ne.

Kuma tsarin sayayya a wurina shi ne fedar ƙafa mai karkata hancin jirgi dama ko hagu tukuna, sannan sitiyari da totur, sannan allo. Katako shi ne na ƙarshe.

Aliyu Jos:
Da girmamawa, Kyaftin, ina ganin an ɗan matsa wa Nura. Bai ce yana son zama matuƙi ba, cewa ya yi yana son ɗakin Boeing. Wannan abu nishaɗi ne, kamar yadda wani yake kiwon tantabaru ko yake gyaran tsohuwar Vespa, kuma kowa da abin da yake burge shi. Ni kaina ban taɓa jin daɗin ƙaramin jirgi ba. Abin da yake riƙe ni a kujera shi ne tsarin aiki: shigar da hanya a kwamfutar jirgi, tayar da inji bi da bi, lissafin mai da nauyi, da bin umarnin hasumiyar filin jirgi daga Kano har Legas. Akwai Zibo, wanda 737-800 ne na kyauta a manhajar tuƙi ta X-Plane, akwai kuma na PMDG a Microsoft Flight Simulator, kuma duka biyun an yi musu aiki mai zurfi. Idan muka ce dole sai kowa ya bi ta hanyar makaranta, za mu kori mutane daga wannan sha'awa tun ba su shigo ba.

Kyaftin Garba:
Malam Aliyu, ban hana kowa nishaɗinsa ba. Amma shi da bakinsa ya ce abin da ya dame shi shi ne sauka, kuma allon makunnai na sama ba ya gyara sauka ko da an yi shi da zinariya.

Malama Rabi:
Ina tare da Kyaftin a kan tsarin sayayya, ina kuma tare da Malam Aliyu a kan cewa babu wanda zai zaɓa wa wani jirgin da zai so. Ni malamar kimiyyar lissafi da motsi ce a makarantar sakandare, kuma na haɗa wa ɗalibaina ɗan ƙaramin wurin tuƙi da FlightGear, manhajar da take kyauta tun 1997 kuma ba ta buƙatar kwamfuta mai tsada. Abin da na lura da shi shi ne, yaran ba su taɓa tambayata me ya sa babu rufi ko ƙofa ba, amma ranar da sandar tuƙin ta fara karkata hagu da kanta, nan take suka gane, suka kuma ƙi zama.

Tarihin abin ma haka ya nuna. Na'urar koyon tuƙi ta farko da ta karɓu ita ce wadda Edwin Link ya ƙera a garin Binghamton na jihar New York a 1929. Mahaifinsa yana da masana'antar kayan kiɗa masu aiki da iska, sai ya ɗauko zugazugan da ake saka musu ya yi amfani da su wajen karkata wani ɗan akwati da mutum yake zama a ciki. Da farko wuraren wasa ne suka fi sayenta. Sai a 1934, bayan da sojojin saman Amurka suka karɓi aikin jigilar wasiƙu kuma matuƙa da dama suka mutu a cikin mummunan yanayi, rundunar ta sayi guda shida. Zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000. Akwatin bai yi kama da wani jirgi na musamman ba, kuma idan aka rufe murfinsa ɗalibi ba ya ganin komai sai agoguna. Abin da aka kula da shi shi ne, idan ka motsa sanda, agogo ya amsa daidai.

Game da agoguna, Malam Nura, ga hanya mai sauƙi. Ka samu tsohon allon kwamfuta mai inci 19 ko 22, ka cire masa firam, ka ajiye shi a bayan siririn katako, sannan a huda ramuka shida masu zagaye daidai inda hoton agogunan yake. Manhajar Air Manager tana ba ka damar jera agogunan a inda kake so, a girman da kake so. Daga kujera, musamman da dare, da wuya mutum ya bambanta su da na gaske. Sai dai ka fara jera su a allon, ka auna da rula, kafin kafinta ya taɓa zarto.

Injiniya Bashir:
Malama ta kawo hanyar da ta fi arha, kuma ita nake ba duk mai farawa shawara, ko da yake ni zuciyata tana wajen allura ta gaske mai motsi. Ga wanda yake son gwadawa wata rana, akwai ƙaramar mota mai tafiya taki-taki da ake kira X27.168, wadda ita ce take juya allurar gudu a gaban motoci da yawa. Tana da sauri kuma ba ta da ƙara, amma digiri 315 kawai take juyawa kafin ta ci karo da matsaya a cikinta, saboda haka ta dace da agogon gudu, ba ta dace da agogon tsayi ba, wanda allurarsa take zagayawa ba iyaka. Ga wannan wasu suna amfani da 28BYJ-48, mai arha ƙwarai, sai dai giyarta tana da ɗan sako-sako, kuma za ka ga allurar tana jinkiri duk lokacin da ta sauya alƙibla.

Haɗa makunnai kuwa ba ya buƙatar ka iya rubuta manhaja. MobiFlight kyauta ce, ita za ta loda wa Arduino abin da yake buƙata, kai kuma ka gaya mata cewa makunnin da ke ƙafa ta 22 shi ne fitilar sauka. Ga lambobin rediyo ana amfani da ɗan allo mai lamba takwas da MAX7219 yake sarrafawa, da kuma inkoda, wato maɓallin da ake murɗawa ba ya ƙarewa. Hattara da abu ɗaya: ramin USB na yau da kullum miliamfiya 500 kawai yake bayarwa. Ni na jera allunan lamba biyar a kan wutar Arduino, suka riƙa ɗaukewa suna nuna shirme, na yi mako biyu ina zargin wayoyina kafin na gane yunwar wuta ce. Ka ba su wutarsu ta bolt 5 daban, ka kuma haɗa wayar ƙasa ta wutar da ta Arduino.

Isufu Maraɗi:
Sannunku da ƙoƙari. Akwai abu biyu da ba a taɓo ba, kuma a wurinmu su ne suke yanke hukunci kafin katako da waya: data da wuta. Microsoft Flight Simulator na 2020, wanda kamfanin Asobo na birnin Bordo a Faransa ya haɗa, yana jawo hotunan ƙasa daga taswirar Bing ta intanet yayin da kake tafiya. Na 2024, wanda ya fito a watan Nuwamba na shekarar, ya ƙara dogara da intanet fiye da na baya, har kamfanin ya ba da shawarar layi mai gudun megabit 50 a daƙiƙa. Wanda yake saye da kati a waya ya san abin da wannan yake nufi. X-Plane 12 kuwa sau ɗaya kake sauke yankin duniyar da kake so, ya zauna a cikin kwamfutarka, ka tashi daga Yamai zuwa Zinder ko da babu layi sam. Ƙasar ba ta kai ta Microsoft kyan gani ba, wannan gaskiya ne, amma ni da ita nake.

Wuta kuma, na auna tawa kwamfutar da alluna uku, na ga tana cin wajen wat 450 idan ana cikin tafiya. Ka yi wannan lissafin da inbatarka da batiranka tun yanzu. Kuma shagon ƙofar gida a watan Afrilu, da ƙofa a rufe da kwamfuta tana huci, ba wurin da za ka rufe kanka a cikin akwatin filawud ba ne. Ka bar bayan allon a buɗe, ka kuma riƙa hure ƙura, domin hunturu ɗaya ya isa ya toshe fankar katin hoto.

Injiniya Bashir:
Maganar ƙura ta tuna mini. Yawancin sitiyari da feda masu arha suna auna motsi ne da abin da masu gyaran rediyo suke kira bolum, wato ɗan ƙarfe yana goga a kan zoben gawayi. Idan ƙura ta shiga, ko zoben ya cinye, sai ka ga jirgi yana rawa alhali hannunka bai motsa ba, kuma ina kyautata zaton abin da ya samu sandar Malama Rabi ke nan. Maganinsa shi ne firikwensin maganaɗisu, wanda ake kira Hall, domin babu abin da yake gogar wani a cikinsa. Fedata ni na haɗa ta a Fanteka a nan Kaduna: mai walda ya yi mini firam da ƙarfe mai kusurwa huɗu, muka saka boris na babur da sifirin biyu, na liƙa maganaɗisu a kan sandar tsakiya, sannan na haɗa firikwensin da Arduino Pro Micro, wanda kwamfuta take ganinsa a matsayin sandar wasa kai tsaye. Kujerar kuma ta tsohuwar mota ce daga wajen 'yan gwangwan, da layin dogonta na matsawa gaba da baya.

Idan sitiyari za ka saya, ka duba yawan juyawarsa. Na Logitech, wanda a da ake kira Saitek, digiri 90 yake juyawa gaba ɗaya, na Honeycomb Alpha kuma 180, wanda ya fi kusa da na Cessna.

Usman:
Ina neman izinin manya in sa baki, domin ni ɗalibin tuƙi ne yanzu haka, kuma na shafe shekara uku ina tuƙi a gida kafin na shiga jirgi na gaske. Abin ya taimake ni, ya kuma cuce ni. Ya taimake ni a wajen magana da hasumiya, saboda na saba da VATSIM, inda mutane na gaske suke ba da umarni ta murya, kuma ya taimake ni a wajen bin jerin dubawa da karanta taswirar sauka. Inda ya cuce ni shi ne ido. A darasina na farko malamina sai da ya rufe agogunan da takarda, domin na kasa ɗaga kaina in kalli waje, alhali a matakin farko da sararin sama ake auna zaman hanci.

Na biyu shi ne tirim. A jirgi na gaske iska ce take danna sitiyari, kana murɗa tirim kana jin nauyin yana raguwa a hannunka har ya ɓace, sitiyarin kuma yana nan inda ka riƙe shi. A gida sifirin ne yake mayar da shi tsakiya ɗaya tilo, saboda haka sai ka riƙa sakinsa a hankali kana murɗawa, wanda wani abu ne daban. Akwai sitiyari masu mota a ciki da suke kwaikwayon wannan nauyin, irin na kamfanin Brunner na Suwizalan, amma kuɗinsu ya fi na kwamfutar da yawancinmu muke da ita.

Aliyu Jos:
To Usman, idan haka ne, ashe hujjar Kyaftin ta raunana ke nan. Idan Cessna na gida ba ya koyar da abin da hannu yake ji, me zai hana Nura ya tafi ga Boeing, inda aikin na tsari ne da makunnai, wanda kai ma ka yarda gida yana koyar da shi?

Kyaftin Garba:
Tambayar tana da ma'ana, kuma ba zan ce ba ka da gaskiya gaba ɗaya ba. Babu kujerar gida da take koyar da jiki. Na'urorin da kamfanonin jirage suke horar da mu a ciki, masu daraja ta D, suna tsaye ne a kan ƙafafu shida masu motsi, kuma hukuma ce take gwada kowace ɗaya ta ba ta takarda. Sa'o'in da mutum ya yi a shagonsa ba sa shiga littafin matuƙi, ko a Amurka sai na'urar da hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar, FAA, ta amince da ita. Wannan kowa ya riƙe shi.

Amma akwai abin da ƙaramin jirgi yake koya wa kai ko da bai koya wa hannu ba, wato dalilin abubuwa. Nura, ka gwada wannan a daren yau. Ka ajiye Cessna a titi na 06 a filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda tsayinsa daga teku ya kai wajen ƙafa 1,560. Ka tashi da zafin digiri 15, ka lura da inda ƙafafun suka bar ƙasa. Sannan ka mayar da zafin 40, ka cika jirgin da mutane da mai, ka sake tashi. Iskar ta yi sirara, injin da fiffiken suna ji kamar suna a tsayin kusan ƙafa 5,000 daga teku, kuma za ka ga titin da ka ci ya ƙaru, hawan kuma ya yi nauyi. A Boeing kwamfuta ce za ta yi wannan lissafin ta miƙa maka lamba, ba za ka taɓa sanin daga ina ta fito ba. Bayan haka ka rage nisan gani zuwa mita 1,500 kamar ranar da hazo ya sauka a Janairu, ka juya da digiri uku a daƙiƙa, ka gani ko za ka dawo inda ka fara cikin minti biyu ba tare da ka yi asarar tsayi ba.

Nura:
Na gwada, Kyaftin, kuma a juyawar hazo na yi asarar ƙafa 400 kafin in ankara. Na kira kafinta na ce ya dakata. Malam Aliyu, ban fasa Boeing ba, na dai ɗage shi, kuma ina tunanin yin teburin yadda za a iya cire fuskar Cessna a ɗora wata daga baya. Abin da na tsayar yanzu shi ne feda irin ta Injiniya, sitiyari, da tsohon allo mai inci 22 da yake ajiye a gida. Injiniya, wane firikwensin zan nema, kuma kaurin katakon fuskar nawa ne, tunda dai tambayar da na shigo da ita ke nan?

Injiniya Bashir:
Ka nemi SS49E ko wani mai kama da shi, wanda yake ba da wuta gwargwadon kusancin maganaɗisu. Kada a ba ka A3144, domin shi kunnawa da kashewa kawai ya sani, kuma masu shago suna yawan haɗa su a aljihun tebur ɗaya saboda kamarsu ɗaya. Fuskar kuma kada ta wuce milimita 6, in ba haka ba agogunan za su nutse a cikin rami, ka kasa ganin gefensu daga kujera. Ka fara yanka ta da kwali, ka zauna da ita mako guda, duk ramin da bai yi maka ba ka gyara da almakashi, sannan ka kai wa kafinta kwalin a matsayin awo. Idan ka samo kujerar, ka auno mini tsayinta daga ƙasa zuwa inda idonka yake, da shi za mu san inda saman allon zai tsaya.